Me ke kayar da shari'a tun kafin a kai gaban alƙali?

Mai tambaya: Jama'a, waɗanda suka saba da kotu, ku taimaka. Me mutum zai kiyaye kafin ya je wajen lauya?

Lauyar harkokin iyali: Abu na farko, sammaci. Mutum ya karɓa, ransa a ɓace, ya cusa shi ƙarƙashin katifa. To kwanakin ba da amsa suna tafiya, kuma idan suka ƙare kotu na iya yanke hukunci ba ka nan. Rubuta ranar da aka miƙa maka a bayan takardar. Sai ka haɗa shaidar aure, takardun haihuwar yara, bayanan asusun banki na wata 6 zuwa 12, da rasit na makaranta da asibiti. Ka jera abin da ya faru a shafi ɗaya, kowanne da ranarsa. Kada ka rage abin da zai ba ka kunya. Sirrinka amana ne a hannun lauyanka, kuma gara ya ji daga bakinka da ya ji daga bakin lauyan abokin shari'a a tsakiyar zama.

Mai shiga tsakani: Barista ta yi gaskiya. In ƙara da batun yara: kada a kwashe su a ɓoye, kada a hana ɗayan ganinsu don huce haushi. Alƙali maslahar yaro yake dubawa, ƙa'idar da ke sashe na 3 na Yarjejeniyar 'Yancin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989. Saƙonnin waya kuwa a bar su yadda suke. Hoton saƙon da aka yanke, babu lamba babu kwanan wata, nan take ake musanta shi.

Lauya mai kare waɗanda ake tuhuma: A namu ɓangaren, baki ke yanka wuya. Wanda aka kama yakan ɗauka in ya yi dogon bayani za a sake shi, alhali duk abin da ya furta ana rubutawa. Ka faɗi sunanka, ka nemi lauya, ka yi shiru. Sashe na 14 na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan 'yancin jama'a da siyasa ta 1966 ya hana a tilasta wa mutum ya ba da shaida a kan kansa. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. Idan an ba da beli, kada 'yan'uwa su je “roƙon” mai shaida. Wannan kaɗai ya isa a soke belin.

Mai tambaya: To, wanda bashi ya yi wa katutu fa, Barista?

Lauyan basussuka: Malam, babban kuskure shi ne mayar da gida ko mota sunan ɗan'uwa dab da ayyana karayar arziki. Kotu na iya warware kyautar, kuma a ɗauke ka mai ɓoye dukiya. A lissafa kowane mai bin bashi, har wanda ake jin nauyinsa. Kuɗin ciyar da yara yawanci ba ya faɗuwa daga kan mutum ko da ya ayyana karayar arziki. Sannan ma'auratan da suka ci bashi tare su sani: ko da takardar rabuwa ta ce miji zai biya, banki bai sa hannu a kanta ba, yana iya bin matar har sai an cire sunanta daga yarjejeniyar bashin.