Kamfanin inshorar da zai biya ni kuɗin gobara ya durƙushe, kuma an ce lokaci na neman ƙure mini

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana. Ina sayar da tayoyi da batura a Tudun Wadan Kaduna, sana'ar da na gada a wurin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Shi tun yana tebur a Panteka bai taɓa cin bashin banki ba, ni ne na fara, saboda ƙannena uku suna makaranta kuma ina so in buɗe sito a Kakuri. Bankin ne ya ce sai na yi wa kayan inshora kafin su saki kuɗi. Yayan matata dillalin inshora ne, shi ya haɗa komai. Yau shekara 4 da wata 8 ke nan wuta ta tashi cikin dare ta cinye siton, ko taya ɗaya ba a fitar ba. Na sayar da filina na Rigasa na biya banki, matata ta sayar da sarƙarta, har hawan jini na samu. Kamfanin ya turo mai ƙiyasta asara, aka yi ta ja, daga baya na sa hannu a wata takarda a kan miliyan 11. Tun daga nan sai gobe sai jibi. Yanzu na ji an karɓe lasisinsu an naɗa wani ya riƙe kamfanin. Jiya wani abokin ciniki ya ce mini irin wannan haƙƙi yana da wa'adi, in ya wuce ya mutu. Ban runtsa ba. Me zan yi?

Maman Sadik: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ka je ofishin NDIC, su suka biya ƙanina lokacin da bankin Heritage ya rufe a 2024.

Baban Walid: Maman Sadik, NDIC masu ajiya a banki take karewa, ba ruwanta da kamfanin inshora. Malam, kwantar da hankalinka, shekara 20 na yi ina harkar kuɗi a Legas. Wa'adin shigar da ƙara a kan yarjejeniya shekara 6 ne, kana da sauran fiye da shekara. NAICOM, mai kula da kamfanonin inshora, ita ce hukumarka. Ita ke soke lasisi ta naɗa risiba, wato wanda zai riƙe kamfanin, kamar yadda ta yi wa Niger Insurance da Standard Alliance a watan Yunin 2022. Kowane kamfanin inshora yana da ajiyar dole a CBN, kuma dokar inshora ta 2003, wadda aka maye gurbinta a 2025, ta ce in an yi kwana 90 da ba ka bocar biya, wato irin takardar da ka sa wa hannu, ba a biya ka ba, kana iya neman hukumar ta biya ka daga wannan ajiyar. Gobe ka nemi lauya ya maka su a babbar kotun jiha, kana cin nasara ka sa a kwashe motocinsu.

Abu Hafsa: Ni tun farko ban ga abin da ya kai Musulmi inshorar nan ba alhali ga takaful, inshorar Musulunci. Ni ma motata da aka buge a hanyar Zariya, wata 7 ina zarya da takardu, ƙarshe da kuɗina na gyara. Ka bar wa Allah kawai.

Mai neman shawara: Abu Hafsa, ba son raina ba ne, sharaɗin banki ne. Baban Walid na gode, har na ɗan ji sanyi.

Barista Maman Hanifa: Yaya, kada ka ji sanyin tukuna. Shekara 6 ɗin da Baban Walid ya faɗa dokar jihar Legas ce. A jihar Kaduna wa'adin ƙara a kan yarjejeniya shekara 5 ne, kuma zuwa ofis da kiran waya ba sa tsayar da lissafin. In daga ranar gobara za a ƙirga, wata 4 ya rage maka. Abin da zai iya taimakonka shi ne takardar da ka sa wa hannu: in kamfanin ya amsa bashin a rubuce da sa hannunsa, ana iya fara lissafi daga ranar. To wace rana ce a jikinta? Na biyu, ka duba takardar inshorar kanta, wasu suna ɗauke da nasu wa'adin da bai kai na doka ba. Na uku, in kotu ta riga ta ba da umarnin rusa kamfanin, dokar kamfanoni ta 2020 ta hana a shigar da ƙara a kansa sai da izinin kotu, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke da wannan hurumin. A irin wannan hali fom ake cikewa a miƙa wa wanda aka naɗa da hujjojin bashi, kuma yana sa ranar rufe karɓa. Wanda ya makara, rabon da aka riga aka yi ya wuce shi.

Baban Walid: Barista, da girmamawa, hedikwatar kusan duk kamfanonin nan a Legas take, sai ya shigar a can. Ni na ga an yi. Ku lauyoyi kuna son tsorata mutane. Ni da aka riƙe mini kuɗin sallama shekara 3, ai da tsiya na karɓa, ba da cike fom ba.

Barista Maman Hanifa: Inda aka ƙulla yarjejeniyar da inda aka yi asarar duk suna shiga lissafi, ban yarda ya jingina miliyan 11 a kan "na ga an yi" ba. Yaya, akwai tambayar da ta fi damuna. An biya kuɗin inshorar cif kafin gobarar? Sashe na 50 na dokar 2003, wadda ita ke aiki lokacin da ka yi yarjejeniyar, ya ce in babu biya babu kariya. Duk hujjar da kamfanin zai iya karewa da ita, wanda aka naɗa yana iya ɗaukarta, kuma ita ce farkon abin da zai duba.

Mai neman shawara: Ni dai na ba surukina kuɗin kashi biyu. Takardun duk suna wurinsa, har wadda na sa wa hannu, ya ce ya fi ni iya adana su. Ranar ba zan iya tunawa ba, bayan ƙaramar salla ce dai.

Ɗan Kawo: Rasit fa? Kashi na biyun kafin wutar ka bayar ko bayanta? Malam yau ɗin nan ka karɓo takardunka.

Mai neman shawara: Ɗan Kawo, ban ji daɗin inda maganar ta nufa ba. Mutumin nan shi ya riƙe 'ya'yana wata 2 bayan gobarar, shi ya kai ni asibiti. In na ce ya ba ni rasit yanzu kamar na ce ya ci amanata ne, kuma matata ce za ta shiga tsakiya. Ya ce sunana yana cikin jerin waɗanda za a biya.

Maman Sadik: Haka mijin yayata ya yi ta cewa a kan gadonmu, yau shekara 9.

Baban Walid: Ko sunanka na ciki, ka sani dokar 2003 ta jera: kuɗin aikin rusawa tukuna, sai masu bashi da jingina, sannan ku masu inshora. Shi ya sa na ce kotu. Kada ka tsaya layi.

Barista Maman Hanifa: Jerin daidai ne, amma hukuncin kotu ba ya tsallakar da shi layin. Yaya, ba sai ka zargi kowa ba. Ka ce lauya ne ya nemi kwafi. Sannan ka rubuta wa wanda aka naɗa da NAICOM da sunanka, a buga maka hatimin karɓa. Turo mini hoton bocar kawai in ga ranar.

Mai neman shawara: Na gode Barista. Surukin nawa ya yi tafiya Abuja, ya ce ƙarshen wata zai dawo kuma zai bi ta ofishinsu. Bari in jira shi tukuna, ba na so in yi abu a bayan idonsa.

Ɗan Kawo: Ƙarshen wata kuma? Hoto ai ta WhatsApp ake turowa.

Abu Hafsa: Wai akwai wanda ya san ko kuɗin motar nan tawa ma wa'adinsa ya wuce? 2019 ne abin ya faru.