Shawarwari kan gajerun finafinan wayar da kai game da ciwon daji

Da masu shirya fim da ma'aikatan lafiya suka zauna kan wannan batu, bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa tsoratarwa korar mutane take yi. Matar da ta ji ƙullutu a mamanta, in fim ya nuna mata gawa a makara, ɓoyewa za ta yi. Gara ta ga wadda ta je asibiti da wuri ta warke, mijinta na tsaye a gefenta, domin sau da yawa izini da kuɗin mota a hannunsa suke. Wannan shawarar ta fi kama ni.

An daɗe ana tattaunawa a kan rigakafin ƙwayar cutar HPV da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta a Oktoba 2023, don kare su daga sankarar bakin mahaifa. Jita-jitar hana haihuwa tana nan, don haka a sa uwa ta yi tambayar a fili, ungozoma ta amsa mata.

Kada a manta da taba, shisha, da gyaɗa ko masara mai fumfuna da ke cutar da hanta. Likita ya duba labarin kafin ɗauka, fim ɗin kuma ya yi gajarta yadda zai wuce ta WhatsApp ba tare da cinye data ba.