Yarona na son tseren mota: sitiyarin kwamfuta ko gokat?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Yarona shekararsa 14. Tun da ya kalli yadda Ash Sutton ya cinye BTCC, gasar tseren motoci ta Birtaniya, a 2023, ba mu da hira a gida sai ta Ford Focus, motar da Sutton ya tuƙa. Ya haddace komai: tsere 30 a shekara, uku-uku a ƙarshen mako goma, Sutton ya ci 12. Na yi masa alkawarin kyauta in ya ci jarrabawa, ga shi ya ci. Dubu ɗari takwas na ware. In saya masa sitiyari da feda na kwamfuta ya riƙa koyo a ɗaki, ko in riƙa kai shi gokat (ƙananan motocin tsere marasa rufi) nan Abuja har kuɗin su ƙare? Wanda ya taɓa ɗaya daga ciki nake son ji. Babu batun mota ta gaske.

Sarkin Totur: Alhaji, samo masa BMW E46 kawai. Colin Turkington kofin BTCC huɗu ya ɗauka, duk da BMW.

Baban Khalifa: Shekara 14 na ce fa.

Ɗan Kent: Gokat, ba tantama. Shi kansa Sutton da ita ya fara tun yana ɗan ƙarami. Ina zaune kusa da filin tsere na Brands Hatch inda ake rufe gasar a watan Oktoba, na kalla da idona. Motocin gasar ƙarfinsu kusan ɗaya ne, ƙofa da ƙofa suke gogayya. A tsere na uku ma ƙuri'a ake jefawa a juya jerin tashin motocin gaba, wanda ya ci tsere na biyu ya tsinci kansa a tsakiyar cunkoso. Wuce mutum ba tare da ka fasa motarka ba shi ne aikin, kuma sai jikinka ya ji yadda taya ke zamewa. Ku duba, kofin Sutton na 2017 da Subaru ne, na 2020 da 2021 da Infiniti, duka masu ja da tayar baya. Focus kuwa da gaba take ja, amma ya zo ya kamo tarihin Alain Menu na cin tsere 12 a 1997.

Maman Ilham: Baban Khalifa, don Allah ka saurare ni. Ƙanina haka ya fara, da kallon bidiyo. Da aka raba gadon Baba ya sayi tsohuwar BMW, wai zai mayar da ita ta tsere. Wani bakanike a Apo ya karɓi miliyan ɗaya da rabi na canjin inji, motar ta yi wata da watanni a gareji, da ta fito kuma hayaƙi kawai take yi. Aka sake wani injin da kuɗin filin Hajiya na Kuje. Duk Lahadi tayoyin baya sabbi, kafin magariba sun zama waya. Ranar ɗaurin auren abokinsa ya fita wasan mota, ta ƙwace masa ta daki mai sayar da rake. Allah ya sa mutumin ya rayu, amma ƙafarsa ba ta koma daidai ba. Mu muka yi jinya, mu muka yi zaryar ofishin 'yan sanda, abokan da ke masa tafi ko ɗaya bai leƙo asibiti ba. Hajiya har yau in ta ji ƙarar taya sai hawan jininta ya tashi.

Hajiya Kubwa: Innalillahi. Allah ya kiyaye gaba, 'yar uwa. Ya jikin mai raken yanzu?

Maman Ilham: Yana dogara sanda. Motar kuma tana nan a Apo, kaji na kwana a ƙarƙashinta.

Ɗan Kent: Allah ya sawwaƙe, amma wasan mota a titi daban, tsere a fili mai doka daban.

Maman Ilham: Shi ma haka yake cewa, Malam.

Musa Wuse: Ni na sayi sitiyarin Logitech G29 a Banex, dubu 350. Yana koyar da inda za ka taka birki da layin kwana sosai.

Abban Sadiq: Dubu 350 a wace shekara? Ni 600 aka ce mini. Kuma ba ka faɗa masa sai da PlayStation ko kwamfuta mai ƙarfi ba, kuɗin sun tafi ke nan.

Musa Wuse: Akwai na hannu, abokina 220 ya saya. Gokat ɗin ma minti goma dubu goma ne, lissafa ka gani.

Hajiya Kubwa: Mu dubu biyar muka biya wa yara da Sallah.

Sarkin Totur: Ya sayi sitiyarin. Yana gab da cin kofi a ɗauke wuta, ya koyi haƙuri tun da wuri 😂

Injiniya Apo: Duk masu maganar nan babu wanda ya taɓa kwance giya. Na Ingila kallo ya biya ya yi, ni kuwa hannuna ke cikin baƙin mai. Ku tambayi yaron wa ya ci 2018. Turkington ne, da tsere ɗaya tak da ya ci duk shekarar, sauran aikin tattara maki ne da motar da ba ta mutuwa a hanya. Kawo mini shi hutu ya koyi inji kyauta. Kuma Maman Ilham, ba duk na Apo ne ɓarayi ba.

Ɗan Kent: Direba yake son zama, ba yaron gareji ba.

Injiniya Apo: To ka aiko masa da biza.

Abban Sadiq: Ni dai abin da ke ci mini rai, tayoyin da 'yan wasan nan ke ƙonawa ina suke zuwa? Na sayi guda biyu na Beljiyam, wai masu kyau, ɗaya ta fashe mini a hanyar Zuba da iyali a mota. Ashe zanen sake yanka shi aka yi da wuƙa.

Injiniya Apo: Ba ka duba lambar ba? Lamba huɗu ce a gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta.

Abban Sadiq: Sun goge ta.

Hajiya Kubwa: Mu a layinmu ƙarfe ɗayan dare 'yan wasan mota suke farawa. Mun haɗa kuɗi mun sa tudun rage gudu, sun mayar da shi wurin tsalle. Wa ya san ofishin da ake kai ƙara?