Musayar Waƙa: Me Tasitus Ya Nufa da Littafin Jamaniya?

Malam Sada:
Da sunan Allah nake farawa,
Tambaya na kawo muku, 'yan'uwa.
A shekara ta 98 miladiyya Tasitus, marubucin Rumawa,
Ya tsara Jamaniya kan halin Jamusawa,
Ƙabilun hayin kogin Rayin, masu hana Rum sakewa.
Me ya sa ya yabi maƙiyi? Ina son ganewa.

Malama Hajjo:
Malam, ni dai madubi na gani,
Ya ɗaga wa Rum don ta ga muni.
Ya ce can ba bashi da ruwa, ba mai cin wani,
Kwanon azurfa kamar na yumɓu suke gani,
Ba a yi wa fasiƙanci dariya a ce "ai zamani".
Habaici ne ga manyan Rum masu holewa a birni.

Baba Ɗanjuma:
'Yata Hajjo, kin karanta rabi kin tsaya,
Sauran shafukan ba su goyi bayanki gaba ɗaya.
Ya ce yini da kwana suke kan giya,
Mutum ya yi caca da 'yancinsa, ya zama bawa ba gardama ko ɗaya.
Da maƙwabta suka kashe Burukterawa, wata ƙabilar Jamusawa, sama da 60,000 a fili ɗaya,
Murna ya yi, ya roƙi gabarsu ta ɗore, kar su jitu da juna ko daga baya.
Wannan wurin na karanta sai da jikina ya yi sanyi, wallahi gaskiya.
Ya lissafa shekara 210 Rum na cewa ta ci su, ba ta gama ba har ya aje biro ya tsaya.
Runduna uku na Barus, kwamandan Rum, a shekara ta 9, Arminiyus jagoran Jamusawa ya gama da su a daji, ba su dawo baya.
Sarkin Rum Tarajan na bakin Rayin lokacin rubutun,
Hannunka mai sanda ne: ga dawakinsu, ga masunsu, a yi shiri kafin tafiya.

Malama Hajjo:
Baba, na karɓa, gargaɗi na ciki,
Amma mai gargaɗin yaƙi me ya kai shi zancen aure da sadaki?
Miji ke kawo shanu da garkuwa da doki,
Ya tsaya yana yabawa, har da mamaki.

Malam Sada:
Ku biyun kun kama, kowa da gefen riƙewa,
Abin da ke ci min rai, ba a ji bakin su Jamusawa.
Ya ce jininsu bai gauraya ba, sai 'yan Nazi suka ɗauka da rawa,
A 1943 dakarun Himla, jigon 'yan Nazi, suka shiga wani gida a Italiya da bincikawa,
Suna neman tsohon kwafin littafin, suka fita ba su samu ganowa.