Lesin a cikin lokacin makaranta a ƙauye, zai yiwu kuwa?

Malamin_Aji5: Salamu alaikum malamai. Ina koyarwa a wata firamare ta ƙauye, wallahi a ajina akwai yaran da ko sunansu ba sa iya haɗawa. Na gwada lesin bayan an tashi, sati biyu abin ya watse, wannan an tura shi kiwo, waccan tallan gyaɗa, saura islamiyya, damina kuwa ba a magana. Shin akwai wanda ya taɓa cusa lesin ɗin cikin lokacin makaranta?

Maman Ilham: Wa alaikassalam malam. Ai an yi irinsa a Kano, shirin KaLMA na koyar da karatu da lissafi a Wudil da Dawakin Tofa, 'yan aji 4 zuwa 6. Tsarin TaRL ne, wato koyar da yaro daidai matakin da ya kai, ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ƙirƙiro shi. Sai ka gwada kowane yaro shi kaɗai, wanda bai san baƙi ba gefe, mai haɗa kalma gefe, mai karanta labari gefe, a manta da maganar wane aji yake, kuma da Hausa ake farawa ba Turanci ba. Lissafi ma da tsinke ake yi, goma-goma a ɗaure.

Dan Tsoho: Hajiya duk naji, amma wa zai riƙe sauran yaran? Makarantar da malamai uku ke juya aji shida, kana can gindin darbejiya da mutum takwas aji ya koma kasuwa.

Bako_Ohio: Nan Amurka ma bayan korona makarantu da yawa sun koma yin lesin cikin lokacin makaranta, don a karkara motar makaranta na tashi yaro dole ya bi ta, ba zancen tsayawa lesin. Minti 30, sau uku a sati ko fiye, yara uku ko huɗu, mutum ɗaya ke binsu kullum ba a canzawa. Inda ba malamai wasu ta kwamfuta ake haɗa su da mai koyarwa, to mu a gida Najeriya ina wutar ina netwok.

Maman Ilham: Dan Tsoho ai ba kai kaɗai za ka yi ba. Dukkan malaman ku ware awa guda bayan asambli, kowa ya ɗau rukuni ɗaya, in 'yan tichin firaktis na NCE sun zo a raba musu. Amma malam ka fara shawo kan hedimasta, kar sufeto ya zo ya tarar ka bar jadawali.

Malamin_Aji5: Na gode ƙwarai. Litinin zan fara gwajin, wa ke da takardar gwada yaran ya turo min ta WhatsApp?