Masaƙiyar da ke cikin junifa

Baƙon Ingila:
Salamu alaikum. Bishiyar junifa, mai ganye kamar ƙaya, da ke ƙofar gidan hayata ce ta sa ni baiti. Mai amsa ya kama da "wa".

Malamai, ga ni da tambaya,
Junifarmu tana ta bushewa,
Na ja reshe, zare ya biyo ni,
Ganye ya dunƙule yana zubewa,
Ciki ga tsutsa mai ratsin ja,
Na taɓa ta, ta ja baya tana ɓoyewa.

Malamin Tsirrai:
Ƙanina, kar ka zargi gizo,
Tsutsar faɗa-wuta ce ke saƙawa,
Dichomeris marginella ake ce mata,
Tun 1781 masanin ƙwari Fabricius ya yi rubutawa.
Uwar ƙarama ce, ruwan ƙasa,
Farin layi gefen fiffike na zagayawa,
Milimita 15 in ta baje,
Sai dare take yawatawa.
Yuli da Agusta ne lokacinta a Ingila,
Gindin sabon ganye take ƙwai ajiyewa,
Jaririyar ta huda ganyen ta shige,
Ta cinye ciki, ɓawo take barwa.
In ta yi ƙarfi ta fito ta ɗaure rassa,
Nan hunturu zai same ta tana laɓewa.

Gwaggo:
Ikon Allah! Ɗana, mu asu muka sani,
Mai shiga adaka, zane yana ɓarnatawa,
Taku kuwa ƙaya ta zaɓa abinci,
Ga ƙanƙara a kai, ba ta mutuwa?

Malamin Tsirrai:
Gwaggo, bargonta ita ta saƙa shi,
Sanyi na wucewa ci take ƙarawa,
Ɓarnar da ya gani ta lokacin ce,
Mayu zuwa Yuni sai naɗewa,
Ta kwanta cikin siliki shiru,
Ta fito da fiffike tana miƙewa.
Shekara guda, haihuwa guda.
Asalinta Turai, can take yaɗuwa,
A 1910 aka gan ta Amurka,
Yanzu har Kanada ta yi isowa.

Baƙon Ingila:
Malam, na gode. Uwar gida ta ba ni almakashi,
Ta ce duk dunƙulen in yi yankewa,
Na yanke shida, na bar guda a bayan reshe,
Ban gaya mata ba, Gwaggo, kar ki yi tonawa,
Ina son in ga farin layin nan da idona,
Yuli nake jira da fitilar haskawa.

Gwaggo:
Bakina alekum. Amma ka rufe akwatinka.