Neman shawara: za a kai mu ɗanɗanon sabuwar giya a gonakin Bordo

Ɗan Damagaram: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karatun noma a Bordo, ƙasar Faransa. A watan Afrilu malaminmu zai kai mu gonakin inabi uku a yankin Medok, daidai makon da ake ɗanɗana giyar sabuwar kaka. Inabin da aka girbe a Satumba da Oktoban bara ne, giyarsa na cikin gangunan katako ba ta nuna ba tukuna. Sai a ɗebo kaɗan a ba 'yan kasuwa da 'yan jarida su ɗanɗana, a yanka mata farashi, masu saye su biya, kaya kuma sai bayan kusan shekara biyu. Ni giya ba ta taɓa shiga bakina ba. 'Yan ajinmu sun ce ai ba haɗiyewa ake yi ba, kurkure baki ne a tofar. Ga shi kuma akwai rahoto mai maki a kai. Don Allah yaya zan yi?

Tsohon ɗalibi: Wa alaikumus salam ƙanena. Na yi irin wannan fitar. Kuskurena shi ne na yi shiru har aka miƙo mini kofi a gaban mai gona, na tsaya ina kame-kame. Je ofishin malamin tun yanzu, ka ce ba ka shan giya, ba ka ɗanɗanawa, ya ba ka wani aikin. Nawa malamin ko a jikinsa, ya ce in rubuta rahoto kan ƙasar gonar. Can ma na ƙaru. Medok tsakuwa ce, ruwa ba ya kwanciya, shi ya sa inabin Cabernet Sauvignon ke son ta. In ka haye kogi zuwa yankin Pomerol sai ka tarar da yumɓu, wurin inabin Merlot ke nan.

Malam na Zariya: Maganar tofarwa ka bar ta, ɗana. Abin da ya zauna a baki sai wani abu ya wuce. Kuma hadisin da ya la'anci mutum goma a kan giya bai tsaya kan mai sha ba, har da mai matsa ta da mai ɗaukar ta. In so samu ne, ko ɗakin gangunan kada ka shiga.

Yayarku a Liyon: Ni Kirista ce, na je sau biyu da wurin aikina, kuma gaskiya ƙanena ba wani daɗi za ka rasa ba. Giyar wata shida bauri gare ta, ya fi na goro, harshe ya yi kamar an goge shi da tsumma. Kafin la'asar haƙoran kowa sun yi baƙi. Masu abin ma ba daɗi suke nema ba, hasashe suke yi na yadda za ta zama bayan shekara goma. Riƙe kofin ruwanka, ba wanda zai kula.

Tsohon ɗalibi: Allah ya gafarta Malam, gonar fa? Darasin dole ne a kansa, kuma inabi ai ana nomansa don ci, ko a Kudan kusa da ku. Maganin feshin nan na tagulla da farar ƙasa da ake yi wa cutar ganye, a gonakin Bordo wani masanin tsirrai mai suna Millardet ya gano shi a shekarun 1880.

Malam na Zariya: Gona ban hana ba. Ya koyi sassabe da feshi ya kawo mana gida. Kofin ne da ɗakin nake magana.

Ɗan Damagaram: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na tura wa malamin saƙo, ya ce in same shi ranar Litinin da ƙarfe 10. Yaya, in ka ajiye rahotonka na ƙasar gona, don Allah turo mini in ga yadda ka tsara shi.